Akwatin Baba Odiel

Shekara tara ke nan ina kula da ɗakunan ajiyar da ke bakin hanyar Poperinge. Ɗaki ɗari da arba'in ne, kowanne da ƙofarsa ta kwano da kwadon mai shi. Aure ya mutu, a kawo kujeru. Tsohuwa ta rasu, a kawo kwanukanta da keken ɗinkinta, a kulle, a ce za a dawo a duba. Ni nawa in ba mutum katin shiga ƙofar waje, in nuna masa inda baro yake. Abin da ya zuba a ciki ba na tambaya, aikin ma bai ce in tambaya ba.

Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne ranar kwashewa. Mutum zai ajiye kaya shekara biyar, ran da ya tashi fita sai ya watsa rabinsu a kwantena ɗaya, gado mai kyau da fitilu da littattafai, duk a tafi a ƙona. Na yi ta damun mai wurin har ya gaji ya ce in yi yadda na ga dama. Na sa aka kawo kwantena huɗu, ta ƙarfe, ta katako, ta kwali, da ƙarama ta kayan lantarki. A gefen ofis kuma aka kafa mini rumfa, muka sa mata suna kusurwar kyauta. Wanda ba ya son abu ya ajiye, mai so ya ɗauka, babu sa hannu, babu tambaya. Da hannuna na rubuta allon: "Duk abin da ke nan da sauran amfaninsa. Ɗauka." Ba zan ɓoye ba, ina ji da rumfar nan fiye da kima.

Wata Asabar cikin Maris Marleen ta zo kwashe ɗaki na hamsin da takwas. Na babanta ne, Odiel, wanda ya yi noman dankali a bayan Boezinge har ƙafafunsa suka gaza, ya sayar da gona ya kawo mana abin da ya kasa rabuwa da shi. Yanzu an kai shi gidan kula da tsofaffi, tunaninsa yana zuwa yana tafiya. Marleen ita kaɗai ta zo, ga ciwon baya, sai na rufe ofis na kama mata.

A can ƙuryar ɗakin akwai buhunan taki guda bakwai, an ɗaure bakinsu da igiya, kowanne da nauyi kamar dutse. Ta kwance na farko, tsofaffin haƙoran garma ne da kusoshi. Na biyu ma haka.

"Baba ke nan," ta ce. "Ko ƙusa lanƙwasasshiya bai taɓa yarwa ba. Sauran ma duk shirgi ɗaya ne."

Ba mu buɗe sauran ba. Muka ɗora a baro muka tura bakin kwantenar ƙarfe, ita ta kama kunne ɗaya ni ɗaya, mu lila sau uku mu jefa. Har dariya muke yi in buhu ya faɗi da ƙara.

Daga ƙarshe sai wani koren akwatin katako mai ƙarfe a kusurwoyinsa, da ƙaton kwado, makullin kuma babu wanda ya san inda yake. Marleen ta ce a kai shi kwantenar katako yadda yake, ta gaji.

"Haba dai," na ce. "Wannan akwatin? Yanzu ina ake irin aikin nan? Bar shi a rumfa, kafin Litinin wani ya ɗauke."

Da muka sauke shi daga baro na ji wani abu ya gangara a ciki ya tsaya, a hankali, kamar an naɗe shi da tsumma.

"Kayan gyaran tarakta ne," in ji Marleen.

Na goge masa ƙura da hannun rigata, na juya shi ya fuskanci hanya don a gan shi da kyau.

Ranar Talata da safe ana yayyafi Staf ya zo kwasar ƙarfe. Shekararsa sittin da ɗaya, motarsa irin mai dogon hannu ce da yatsun ƙarfe, kuma tun da na san shi hula ɗaya ce a kansa.

"Uwar masu shara, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, sarkin jari-bola. Yaushe za ka ba ni hular nan in jefa?"

"A wace kwantena? Ba ki da ta kayan tarihi." Ya leƙa ciki ya yi tsaki. "Lut, sau nawa zan gaya miki? Ƙarfe a buhun roba! In na kai haka ni za a yi wa surutu."

"To ka rage, ai ba za ka mutu ba. Kofi?"

"Da biskit biyu. Na makon jiya ɗaya kika ba ni, ban manta ba."

Ina shiga ofis na hango shi ya haura cikin kwantenar, babu ko safar hannu, yana jan buhunan gefe ɗaya yana share ruwan sama daga fuskarsa. Da ya ga igiyoyin sun ƙi kwancewa sai ya haƙura, ya hau kujerarsa ta saman mota ya tayar da inji. Na fito da kofi biyu na tsaya ina kallo kamar kullum. Ɗiban farko ya ɗago ƙarafan gado da wani tsohon keke. A na biyu yatsun suka cafko buhu biyu tare. Suna sama ɗaya ya yage daga gindi, wani abu ya faɗo a kan siminti, ya yi tsalle sau ɗaya, ya gangaro ya tsaya taku uku daga ƙafata.

Duk wanda ya tashi a nan ba sai an gaya masa ba. Tun muna aji ɗaya ake nuna mana hotonsa. Harsashin igwa ne na tsohon yaƙi, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu, tsatsa ta ci shi, kuma kansa na nan a jikinsa, alamar bai taɓa fashewa ba. A wajen wuyansa akwai wani danshi baƙi mai maiƙo wanda ba ruwan sama ba ne. Sai na ji wari, kamar an daka tafarnuwa a cikin tsohon man inji.

Injin ya mutu. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro.

"Lut," Staf ya ce daga sama, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ja da baya. Kada ki gudu. Kada ki ja numfashi da yawa."

Na tsaya a wurin. Ina ganin kofin da ke hannuna yana zuba a kan yatsuna, ban ji zafi ba.

"Lutgart! Ke nake wa magana. Baya."

Na ja taku ɗaya, na ƙara wani. Na ɗaga kai. Buhu na biyu yana rataye a yatsun ƙarfen, sama da rufin motar, yana lilo kaɗan-kaɗan, kuma ta yagar gefensa ana ganin ƙeyar wani irinsa. Staf ya sauko daga tsani kamar mai tsoron tayar da jariri. Ya lashi yatsa ya ɗaga don ya ji inda iska ke kaɗawa, ya kama hannuna ya ja ni wajen ƙofa. Sai a lokacin na ajiye kofunan a ƙasa, a hankali, kamar su ma za su fashe.

Mutum biyu ne a cikin layukan ɗakuna, na leƙa na ƙwala musu kira suka fito ta baya. Cikin minti goma 'yan sanda suka iso, suka tare hanya ta gaba da ta baya, suka tsallakar da mu gidan man da ke fuskantarmu. Shugabansu wani dogo ne mai suna Dewulf. Ya ce sojojin kwance bam suna hanya, sannan ya tambaye ni daga ina abin ya fito, kuma guda nawa ne.

Na kira Marleen. Ta ɗauka tana raɗa, ashe tana wajen babanta. Na gaya mata abin da ya faru.

"Mu muka jefa su," ta ce. "Lut, lila su muka yi muka jefa."

"Na sani. Ba shi wayar."

Na buɗe muryar wayar don Dewulf ya ji.

"Baba Odiel, Lut ce, ta ɗakunan ajiya. Ina kwana?"

"Lut? 'Yar gidan Gusta?"

"A'a, Baba. Wadda ke riƙe maka ɗaki na hamsin da takwas."

"Au, mai hana a zubar da kwali. Na gane ki. An taɓa mini kaya ne?"

"Baba, mun ga harsasai a buhu. Guda nawa ka ajiye?"

"Na cikin buhu guda biyu ne," ya ce, ba tare da ya tsaya tunani ba. "Munanan ke nan. Kada ki taɓa su, yarinya, suna zufa."

Na saki ajiyar zuciya. Biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, duk muna ganinsu. Dewulf har ya fara juyawa zai yi magana a rediyonsa.

"Masu kyan suna akwati," in ji tsohon. "Huɗu. Na shimfiɗa musu bargo."

Na ji Marleen ta ce, "Baba, don Allah, me ya kai ka?"

"Ke ce mana. Ku ne kuke bin hanyar nan a keke kuna tafiya makaranta. Garma ce ke tono su a gona. In na jingina su a gindin turken lantarki kamar kowa, kafin sojoji su zo wani ɗan banza ya ɗauka. Na ce bari in ɓoye a rumbu sai na kira su. Sai uwarki ta kwanta. Ta ci abinci kuwa?"

Ban ji amsar da Marleen ta ba shi ba. Ina kallon rumfata ta tsallaken titi. Ga fitilar tsaye, ga kujerar yara, ga kwalin faifai. Inda na ajiye akwatin babu komai sai wani fili mai kusurwa huɗu. Jiya wuni guda na yi ina wucewa ta nan, har na ji daɗi a raina cewa ya samu gida.

"Wa ya ɗauka?" in ji Dewulf.

"Ba ma rubutawa."

"Kyamara fa?"

Ana iya duba hotunan ta wayata, sai Staf ya riƙe mini ita ina jan hotunan. Asabar da yamma yana nan. Lahadi da safe yana nan. Ƙarfe uku da kwata wata jar mota ta tsaya, mace da namiji suka fito. Suka ɗaga akwatin, ya suɓuce wa mijin, gefe ɗaya ya daki bayan motar, matar ta dafe ciki tana dariya. Suka sake ɗagawa suka tura shi ciki.

"Jolien ce," na ce. "Da mijinta Wannes. Ɗaki na goma sha biyu."

"Me take yi?"

"Renon yara. A gidanta. Iyaye suna kai mata su da safe."

Dewulf ya dubi agogonsa. Tara da rabi. Na kira lambarta, ta yi ta ƙara babu amsa. Na san dalili, ta taɓa gaya mini in yara suna nan wayar a aljihun kwat take barinta. Ta Wannes a kashe. Adireshin da ke takardunmu kuma na tsohon gidansu ne, don ƙaurar da suka yi ce ma ta sa suka kama ɗaki. Sabon gidan sau ɗaya na je, na kai mata wani gadon jariri da aka bari a rumfa. Ban san sunan layin ba, amma in na gani zan gane.

"Shiga mota," in ji Dewulf.

Tafiyar ba ta kai minti takwas ba. Gonaki suna wucewa, ruwa yana dukan gilashi, jiniya tana kuka a kanmu. Ni ba abin da nake gani sai hannuna yana goge ƙurar akwatin. A wata kwana na ce dama, muka shiga, na ga ba nan ba ne, sai da ya yi ribas. Da muka hango hasumiyar cocin ƙauyen ya kashe jiniyar.

"Ki saurare ni, Malama. Ke ta sani, ke za ki fara magana. Babu ihu. In yara suka firgita za su watse cikin gida, mu yi ta nema. Akwatin kuma ko da yatsa kada a taɓa."

Gidan jan bulo ne, an manna fentin tafin hannun yara a taga. Jolien ta buɗe da jariri a kafaɗa, hannayen rigarta a naɗe.

"Lut! Kada ki ce kin zo ƙwace akwatinki, don na riga na..." Sai ta ga wanda ke bayana.

"Ina yake?"

"A ɗakin baya. Lafiya? Na sata ne?"

"Jolien, ki tsaya a nan. Yara nawa ne yau?"

"Biyar. Lut, me ya faru?"

Na gaya mata a kunne, kalma huɗu ko biyar. Na ga jinin fuskarta ya janye. Ta buɗe baki, Dewulf ya ɗora yatsa a nasa bakin, ta haɗiye ihun. Ta ƙanƙame jaririn har ya fara mutsu-mutsu.

Tun daga zaure nake jin sautin. Dum, dum, dum. Ɗakin baya mai gilashi ne, da ɗumi sosai. Jolien ta wanke akwatin tas, korensa ya fito, ta jingina shi da ƙarfen ɗumama ɗaki don ya bushe, ta ɗora masa matashi. Yara biyu suna zaune a kai suna cin yankan tuffa, suna dukan jikinsa da dugadugansu. Na uku yana ƙasa yana tura motar wasa a kan murfin. A jikin kwadon akwai sababbin tabo masu ƙyalli. A ƙarƙashin ƙamshin sabulu kuma na ji warin nan, kaɗan, amma shi ne.

Ban san daga ina muryar ta fito mini ba.

"Kai, jama'a! Wa yake son ya ga motar 'yan sanda ta gaske? Mai fitila shuɗiya! Wanda ya fara zuwa shi zai sa hular."

Maza biyun suka zabura. Wanda ke kan akwatin ya diro da ƙarfi, har na ji abin ya amsa a ciki. Suka bi ta gefena da gudu, Dewulf ya tare su a zaure ya yi waje da su. Saura yarinyar, 'yar kimanin shekara uku, mai gashi a ɗaure gida biyu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ba na so."

"Yaya sunanki, 'yar kirki?"

"Fien. Ban gama ba." Ta nuna mini tuffarta. Dum, dum.

"Taho da ita, Fien, ki ci a mota."

"A'a. Nan wurina ne."

Na matsa kusa. Na sa hannu a hammatarta na ɗaga ta sama cak, don kada ta ja matashin. Ta tsala ihu, ta harba ƙafa, duddugenta ya sauka a kan murfin da dukan ƙarfinta. Na rufe ido. Na tsaya haka da yarinya a sama, ina jira. Babu abin da ya faru sai ƙarar ruwa a jikin gilashi. Na rungume ta na fita, tana yaƙushina a wuya tana kiran mamarta.

A waje Dewulf ya sa mu muka yi ƙarshen layi, bayan katangar coci. Yara babu riguna masu kauri, biyu ma da safa kawai. Jolien tana taɓa kawunansu ɗaya bayan ɗaya.

"Huɗu," ta ce. "Wayyo Allah, Mats! Yana barci a sama!"

Ta miƙa mini jaririn za ta ruga, Dewulf ya riƙe ta.

"Wane ɗaki?"

"Na baya, hannun hagu. Ka bar ni, bai san ka ba, zai yi kuka!"

"Ya yi kukan," ya ce, ya tafi.

Ɗakin baya na sama yana daidai kan inda akwatin yake. Muka tsaya muna kallon ƙofar da ya bari a buɗe. Yaran suna ta tambayar ina hular da aka yi musu alkawari. Jolien tana magana, ba da ni ba, idonta a kan gidan.

"Jiya da yamma Wannes ya fi minti goma yana dukan kwadon da guduma. Ni na riƙe masa akwatin. Da ya ƙi ya ce yau da rana zai aro injin yankan ƙarfe a wajen aiki. Kayan wasa zan zuba musu a ciki."



"Wani abu ya riƙa tsatsowa ta ƙasa, na zaci mai ne. Sau biyu ina gogewa." Ta juyo ta dube ni. "Ni na ɗauka kina dubawa, Lut. Duk abin da ke rumfar nan na ɗauka kin duba."

Sai ga Dewulf ya fito da yaro naɗe a bargo, ko farkawa bai yi ba. Jolien ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen titi ta fashe da kuka. A nan na lura da hannayenta. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa sun yi ja kamar ta tsoma su a ruwan zafi.

An kwashe mutanen layin gaba ɗaya zuwa zauren coci. Sojoji suka rabu biyu, wasu a wurin aikina wasu a nan, cikin riguna masu rufe har fuska. Sai wajen ƙarfe uku suka fito da akwatin a cikin wata tukunyar ƙarfe mai murfi, suna tafiya kamar masu ɗauke da gawa. Huɗu ne a ciki, kamar yadda tsohon ya faɗa, a naɗe cikin bargon doki. Ɗaya ya tsage, zafin ɗakin kuma ya ƙara masa zuba. Abin da ke tsatsowar guba ce ta yaƙi, mai ƙona fata da ido.

An kai yaran asibiti, aka yi musu wanka aka duba su har washegari. Babu wanda ya samu komai, matashin ne ya raba su da katakon. Hannayen Jolien kuwa kafin yamma sun yi bororo, har yanzu da tabo. Staf yana gidan mai yana ba 'yan sanda labari idanunsa suka fara ruwa, zuwa azahar sun kumbura sun rufe, tafukansa suka saɓule. Kwana tara ya yi a kwance. Da na je duba shi an ɗaure masa fuska, ya ji takuna ya ce, "In biskit ɗaya kika kawo, koma." Na zauna a bakin gadon na yi ta kuka, shi da ke ciwo shi ya koma ba ni haƙuri. Ya dawo aiki, amma idonsa na hagu ba ya son haske.

Iyaye biyu sun janye 'ya'yansu daga wajen Jolien. Ta kwashe ɗakinta a ƙarshen wata, Wannes ta turo ya mayar da katin shiga. Na rubuta mata wasiƙa, ba ta amsa ba, ban kuma ga laifinta ba. Marleen ba ta gaya wa babanta abin da ya faru ba. Ta ce da ta fara, sai ya tambaye ta ko an kwashe dankali.

Mai wurin ya so a rushe rumfar. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ya bar ta, da sharaɗin babu abin da zai shiga cikinta ko cikin kwantena sai an buɗe shi a gabana. Da ma ko bai faɗa ba. Yanzu ko gwangwanin biskit ne sai na ga gindinsa. Wasu suna jin haushi, wata mata har ta ce mini ko a filin jirgi ba a yi mata haka ba.

Ranar da sojoji suka gama, babbansu ya shigo ofis in sa hannu a takarda. Mutum ne mai furfura, mai magana a hankali. Ya tsaya yana kallon taswirar ɗakunan da ke bango.

"Tsofaffin manoma nawa ne suke da ɗaki a nan, Malama?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba."

"Ki ƙirga," ya ce. "Mu ba mu da ikon fasa ƙofar kowa sai da dalili. Amma mutanen nan, wanda ya ajiye ɗaya ba shi kaɗai ba ne."

Na ƙirga, goma sha ɗaya. Na rubuta wa kowannensu, na ce ba za a kai kowa ƙara ba, a dai zo mu buɗe tare. Bakwai suka zo, wasu suna dariya, wasu rai a ɓace. A ɗakin wata gwauruwa muka samu gurneti biyu a cikin tukunyar madara, ta rantse ba ta taɓa sanin mijinta yana da su ba. Biyu 'ya'yansu suka zo a madadinsu, babu komai. Ɗaya ya aiko cewa kayansa ba ruwan kowa, washegari da sassafe ya zo da tirela ya kwashe, bai bar ni na leƙa ba, ban kuma san inda ya kai su ba.

Saura ɗaki na casa'in da ɗaya. Mai shi ya koma wajen 'yarsa a Faransa, wasiƙa uku na aika, waya kuma ba a ɗauka. Yana layin da ke fuskantar kudu, inda kwano ke ɗaukar zafi sosai in bazara ta shigo. Kowace safiya in na kunna fitilu nakan je in durƙusa a bakin ƙofarsa, in kai hancina wajen 'yar tazarar da ke ƙasa. Ya zuwa yau ƙura kawai nake ji, da warin tsohuwar taya. Jibi za a shiga Yuni.